Shayin la'asar irin na Turawa: in babu shinkafa, ba za a ce na yi rowa ba?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Shekararmu biyu ke nan a Manchesta ta Ingila, maigida na karatu. Akwai wata tsohuwa Baturiya da katanga ɗaya ta raba mu, ita ke karɓar mana saƙo in ba ma nan, har yarana na ce mata Kaka. Watan jiya ta gayyace ni shayin la'asar irin nasu. Mu huɗu ne kacal. Ɗan tebur ta shimfiɗa wa farin ƙyalle ta ɗora buta, butar ma an saƙa mata hular ulu don kada shayin ya huce. Sai wani faranti mai hawa uku. A ƙasa burodi ne an yanke masa ɓawon gefe, wani da kokwamba wani da ƙwai, kowanne bai fi faɗin yatsa biyu ba. A tsakiya wani abu da suke kira sikon, shi ba burodi ba shi ba kek ba. A sama 'yan mitsi-mitsin kek. Iyakar abincin ke nan.

Amma ba abincin ne ya tsaya mini a rai ba. Awa biyu muka yi, matar nan sau ɗaya ta tashi, shi ma ruwan zafi ta ƙaro. Ni kuwa ranar da na yi baƙi a kicin nake wuni, sai an fara neman mayafi nake fitowa ina warin albasa, ina cewa "har za ku tafi?"

To ina so in rama mata ranar Asabar ta sama. Zan kira ta da 'yarta, da matan Hausawa uku da muke zumunci, da wata 'yar Sudan. In na ajiye shayi da kayan taɓawa kaɗai, ba shinkafa ba kaza, mutanenmu ba za su koma gida su ce na yi rowa ba?

Hajiya_Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Za su ce. Ba sai na ɓoye miki ba. Mace ta yi wanka, ta shirya yara, ta hau mota cikin wannan sanyin naku, ta zo ki ajiye mata burodi kamar yatsa? Baƙonka annabinka. Ki ɗora ko da 'yar dafa-duka ce, shayin ya biyo baya.

Zee_Leeds:
Da girmamawa Hajiya, ni ban yarda ba. In ta ɗora tukunya ai ta koma gidan jiya, kicin ɗin da take gudu shi za ta sake wuni a ciki. Ummu Hanan, ki faɗa musu ƙarara tun a wajen gayyata: shayi ne da hira, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kowa ta ci abincin rana a gida. Wanda aka gaya wa gaskiya ba ya cewa an yaudare shi.

Ɗan_Fagge:
Ni dai in an ce mini shayi, abin da nake gani kofin silba ne cike da haɗin kauri, burodi mai yanka-yanka, ƙwai uku, Indomie a gefe. Wannan na kokwamba kuma ai sai dai a ba mai jinya.

Maman_Sadiq:
Bari in ba ki labarina ki ɗauki darasi. A Kano nake. Shekaru biyu da suka wuce na ga irin wannan a Instagram, ya shiga raina. Na fito da kofunan da aka jera mini tun ina amarya, na yi samosa, na yi cincin, na yi kek, na sayo furanni har da su. Ƙawaye shida na kira. Mutum goma sha huɗu suka zo in an haɗa da yara, don wannan ta zo da ƙanwarta, waccan ta zo da maƙwabciya. Ana cikin haka sai ga Yaya Babba, yayar maigida, ta biyo hanya. Na zuba mata shayi, ta ɗauki samosa ɗaya, ta zauna tana ta kallon ƙofar kicin. Can da ta gaji sai ta ce, "Amarya, in abincin bai nuna ba bari mu yi sallah tukuna." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Da gudu na shiga na ɗora taliya, kwalliyar duk ta narke. Yara kuma suka fasa mini kofi biyu. Ranar na gane shayi ruwa ne.

Zee_Leeds:
Maman Sadiq kin kashe ni da dariya. Amma ki lura, ke matsalarki ba shayi ba ce, ƙofar gidanki ce a buɗe. A nan babu mai biyo hanya, sai an yi waya.

Malam_Tarihi:
Bari in ɗan sa baki, ko da yake girki ba fagena ba ne. Su kansu Turawan Ingila ba su ɗauki wannan shayin a matsayin abinci ba. Yadda ake ba da labarin, wajen shekarar 1840 wata matar babban basarake, Ana, uwargidan Duke na Bedfod, wadda take cikin matan fadar Sarauniya Biktoriya, ita ta fara. A gidajen manya na lokacin ba a cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, ita kuma yunwa kan taso mata da yamma. Sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da ɗan burodi da kek ɗakinta, daga baya ta fara kiran ƙawaye. Kun ga ke nan abin toshe yunwa ne tsakanin abinci biyu. Shan shayin kansa ya riga haka shiga fada, tun zuwan gimbiya Katarina 'yar Fotugal da ta auri Sarki Charles na biyu a 1662. Saboda haka Hajiya, wanda aka kira shayin la'asar a can ya san tuwonsa na jiransa a gida.

Hajiya_Babba:
To Malam, ai ka faɗa da bakinka. Matar basarake ce, tana da masu dafa mata na dare. Mu talakawa in mun fita mun fita ke nan.

Fatee_Abuja:
Wannan ba shi ne otal-otal ɗin Abuja ke kira hai ti ba? Na taɓa zuwa na bikin wata ƙawata.

Malam_Tarihi:
Suna ne ya rikice musu. Asalin hai ti abincin ma'aikata ne in sun taso daga aiki wajen biyar ko shida, a babban teburin cin abinci, da nama ko kifi da dankali da burodi, shayi a gefe. Na la'asar shi ne na masu hali, a ƙananan tebura ana zaune a kujerun falo. Mutane suna jin "hai", wato sama, sai su ɗauka shi ne na manya, alhali akasin haka ne.

Abu_Ammar:
Wannan maganar ta tuna mini farkon zuwana arewacin Ingila. Abokin aikina ya ce in zo gidansa shan shayi ƙarfe shida. Na ce a raina ba za a bar ni da yunwa ba, na cika cikina da tuwon semo kafin in fita. Ina zuwa na tarar da abinci cikakke, kifi da dankali faranti shaƙe. Ashe a yankin nan in sun ce "ti", wato shayi, abincin dare suke nufi. Haka na zauna ina tura kifi a kan tuwo don kunya. Ummu Hanan, tunda a Manchesta kike, ita ma tsohuwar ki faɗa mata lokaci da irin shayin da kike nufi.

Ag_Agadas:
Salamu alaikum. Ina karanta ku ina murmushi. Ku a Najeriya kun ɗauka shayi abinci ne, shi ya sa kuke gardamar ko zai ƙosar. Mu nan shayi zama ne. Baƙo ya zo, a hura gawayi a ɗan murhu, a ɗora 'yar buta, a sa koren ganyen nan na ƙasar Sin. Ba a gaggawa. A tafasa, a juye a kofi, a mayar buta, a ɗaga hannu sama a tsiyayo har kumfa ta hau. Kofin kansa ɗan ƙaramin gilashi ne, kurɓa uku ya ƙare. Ganye ɗaya ake yi wa zagaye uku, kowane zagaye ana ƙara ruwa da sukari, ɗaci na raguwa. Ana cewa na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sauƙi kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar ƙauna. Wanda ya sha na farko bai kamata ya tashi ba sai an kai na uku. Awa biyu ta wuce ba ka sani ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa an yi masa rowa. Abin da tsohuwar nan ta yi miki, mu mun gane shi sarai.

Ɗiyar_Maraɗi:
Ag Agadas, ni yadda na ji shi na farko ne kamar rayuwa, na ƙarshe kamar mutuwa. Kowa da yadda ya ji daga bakin kakansa. Amma ka faɗi gaskiya duka: wa ke zama a fada, wato majalisar hira, ana shan shayin nan, a Yamai ko Damagaram ko nan Maraɗi? Maza ne. Mata na cikin gida suna dafa abin da za ku ci in kun tashi.

Anti_Rabi:
Yawwa Ɗiyar Maraɗi, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A ƙasar Hausa zaman shayi na maza ne, ko teburin mai shayi ko majalisa a ƙofar gida. Mu mata ba mu da zaman da ake yi don zama kawai. In mun taru to da dalili: suna, biki, barka, gaisuwar mutuwa, ɗaukar adashi. Kuma kowanne da tukunya a kan wuta. Shekarata ashirin da shida da aure, ban tuna ranar da na zauna da ƙawata awa biyu cur ba tare da ɗayanmu tana leƙa girki ba. Shi ya sa abin ya burge Ummu Hanan, ba kokwambar ba ce. Ni ina goyon bayanta ta gwada.

Hajiya_Babba:
Rabi, ai a bakin murhun ake hirar. Mu da muka taso, ƙawa in ta zo tsintsiya take ɗauka ko ta karɓi muciya, ana tuƙi ana labari. Ku ne yanzu kuka mai da baƙo ɗan kallo, kuka shige kicin kuka rufo ƙofa.

Anti_Rabi:
Wannan kuma gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Sai dai kicin ɗin yanzu mutum biyu ba sa juyawa a ciki.

Bint_Maiwurno:
Ummu Hanan, 'yar Sudan ɗin da za ki kira ba za ta ga baƙon abu ba ko kaɗan. Mu a Sudan akwai shayin magariba, da madara, iyali su taru a sha da biskit ko zalabiya. Mata kuma suna da zaman jabana, a soya kofi a gaban baƙi, a daka, a sa citta, turaren wuta na tashi. A Khartum ma mata ne ke sayar da shayi a bakin titi. Shawarata ki yi buta biyu. Ɗaya baƙin shayi zalla irin nasu, madara a ɗan jug daban, sukari daban, kowa ya haɗa da kansa. Ɗaya kuma namu mai kayan ƙamshi, kirfa da kanumfari da citta. Kuma ki sa turaren wuta kafin su iso, ba lokacin da suke zaune ba. Wasunsu hayaƙi na damunsu, ga na'urar nan ta silin mai ihu in ta ji hayaƙi.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Na'urar nan ta taɓa tona mini asiri ranar da na turara kaya, har tsohuwar ta buga ƙofa ta ɗauka gobara ce. To me zan jera a farantin? Ban iya sikon ba.

Zee_Leeds:
Sikon ya fi fanke sauƙi. Fulawa mai haɗe da sinadarin tashi giram 225, bota mai sanyi giram 55, sukari giram 25, madara mililita 150, ɗan gishiri. Ki murje botar cikin fulawa da yatsu har ta yi kamar garin rogo, ki zuba madara ki haɗa sama-sama. Kada ki murza shi kamar ƙullin burodi, in kin murza zai yi tauri kamar dutse. Ki baje shi da kauri, ki yanka da bakin kofi, ki shafa madara a kai, oba mai zafin digiri 220 na Salsiyos, minti 12 zuwa 15. Ki yi shi da safiyar ranar, kwanan sikon ba daɗi. Sai ki sayi jam da kirim ɗin nan mai kauri da ake ci da shi.

Abu_Ammar:
Ki dai yi hattara da wanda za ki fara shafawa. A Ingila, mutanen yankin Debon kirim suke fara sawa sannan jam, mutanen yankin Konwal jam tukuna kirim a sama. Gardamar ta fi ta masu cewa tuwon masara ya fi na dawa zafi.

Maman_Sadiq:
Ni kuma ina ganin kuskure ne ki yi wa Baturiya sikon. Matar da ta shekara saba'in tana ci, ke za ki burge ta da na gwajin farko? Ki ba ta abin da ba ta taɓa gani ba. Alkaki da zuma, dubulan, gireba, tuwon madara, 'yan ƙananan masa. Ki ɗauki tsarinsu ki zuba namu a ciki. Su ma matan Hausawan in sun ga masa da dambun nama, bakinsu ya mutu, ba mai cewa rowa.

Ɗan_Fagge:
Yanzu aka fara magana. A sa kilishi a hawa na ƙasa ni ma a aiko mini da biza.

Nas_Hadiza:
Abu biyu daga ɓangaren aikina. Na farko, ki tambayi baƙin naki tun kafin ranar ko akwai abin da jikinsu ba ya karɓa, musamman gyaɗa. Mu mun saba da man gyaɗa da ƙuli a komai, har kilishin da Ɗan Fagge ke kira da tunkuza ake yinsa, alhali akwai wanda ɗan kaɗan zai kai shi asibiti. Ba abin kunya ba ne a can, kowa na tambaya. Na biyu, in akwai mai ciki ko mai ƙarancin jini a cikinsu, shayi mai ƙarfi tare da abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, ga shi yana hana wasu barci. Ki tanadi ruwan citta mai ɗumi da na'a-na'a don mai so.

Ustaz_Bello:
Kada a manta da lokacin sallah. Su ƙarfe uku zuwa biyar suke yi, amma a wannan watan na Disamba magariba na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a wajenku. Gara ki sa ƙarfe biyu, an yi la'asar, ki kuma gyara ɗaki ɗaya da dardumai. In za ki sayi kek na kanti ki karanta jikin kwalin, wasu da giya ake haɗa su, wasu kayan zaƙin kuma da jelatin na alade.

Ɗan_Mambila:
Duk wannan surutun ba wanda ya tambayi wane ganye za a dafa. Kuna ta maganar ganyen Sin, alhali muna noma shayi a ƙasar nan. Ku zo Kakara kusa da Gembu a jihar Taraba ku ga gonar shayi ido bai ganin ƙarshenta, can ake yin Highland Tea. Ummu Hanan, in akwai mai zuwa daga gida ki sa a riƙo miki, ki ce wa tsohuwar wannan daga tsaunukan ƙasarmu ne. Ina tabbatar miki ba ta san Najeriya na da shayi ba.

Zee_Leeds:
Kafin Asabar dai ba zai iso ba. Ki sayi ganyen shayin Assam, shi ke da ƙarfin ɗaukar madara. Darjeeling ya yi sanyi ga bakin Bahaushe, za su ce ruwan bunu kika ba su. Earl Grey kuwa kada ki soma, akwai man wani lemo a cikinsa, ƙawata da ta kurɓa cewa ta yi turare na zuba mata. Ki ɗauraye butar da ruwan zafi tukuna, cokali ɗaya na ganye ga kowane mutum da ƙarin ɗaya na buta, ruwa yana tafasa ki zuba, minti huɗu ya isa. Kada ki dafa shi a kan wuta yadda muke yi.

Fatee_Abuja:
Madara ake fara zubawa ko shayi?

Malam_Tarihi:
Ita ma tsohuwar gardama ce. Ana cewa masu kofuna marasa ƙwari ne ke fara zuba madara don kada zafi ya tsaga kofin. Ki tambayi kowa yadda yake so, kin huta.

Anti_Rabi:
Maganar kofuna ta sa na tashi na buɗe kabad ɗina yanzun nan. Saitin faɗi-ka-mutu mai bakin zinare, mutum goma sha biyu, tun na jere. Wallahi har yau takardar kanti na manne a gindin butar. Shekara ashirin da shida ana goge masa ƙura, ba a taɓa shan ko ruwa da shi ba.

Hajiya_Babba:
Ki bar shi a inda yake Rabi, ki ji abin da ya sami na Maman Sadiq.

Ummu_Hanan:
Jama'a na dawo da rahoto. An yi jiya. Na bi shawarar Ustaz na sa ƙarfe biyu, na kuma faɗa wa kowa shayi ne kawai. Na yi masa ƙanana da dambun nama a ƙasa, sikon a tsakiya, alkaki da tuwon madara a sama. Farantin mai hawa uku tsohuwar ce ta ara mini. Sikon ɗin rabi ya tashi rabi ya zauna, ta ci ɗaya ta ce ba laifi, na san kara ce. Alkaki kuwa huɗu ta ci, ta sa na rubuta mata sunansa a takarda. Shayin kayan ƙamshi ya ƙare tas, nasu ya yi saura. Kuma na zauna. Sau biyu kawai na tashi.

Sai dai ɗaya daga cikin matan namu, wadda ta girme mu, ta shigo da ƙatuwar kula a hannu. Dambun shinkafa ne da zogale. Ta ce, "Na ji kin ce shayi, na ce bari in riƙo wannan ko da za a buƙata." Bayan magariba aka buɗe, ba wanda bai ci ba, har ɗiyar tsohuwar ta ƙara.

Hajiya_Babba:
Allah Ya yi wa wannan baiwar Allah albarka. Me na ce muku?

Zee_Leeds:
Hajiya ai ba Ummu Hanan ce ta dafa ba, nan ne maganar take. Ita dai ta zauna da baƙinta.

Ag_Agadas:
Sau biyu kika tashi, tsohuwa sau ɗaya. Saura ƙiris.

Anti_Rabi:
Ummu Hanan, don Allah ki ɗauko mini hoton hular butar nan ta kusa, ta gaba da ta baya. Akwai mai saƙa a layinmu, in ta gani za ta iya. Na riga na ɓare takardar gindin butata.